Baƙin Soso Iri Biyu

Mijina ya daina jin wari, kuma yana zaton ban sani ba.

Na gane ne ranar da na fesa turaren da ƙanwarsa ta kawo mini, wanda ya hana ni fesawa a gidan, wai warinsa ɗaya da maganin sauro. Na fesa har sai da ni kaina na yi atishawa, na zo na zauna daf da shi na miƙa masa shayi. Ya karɓa, ya ce sannu, ya ci gaba da danna waya. Washegari da gangan na bar madara ta ƙone a kan wuta. Maƙwabciyarmu ta ƙwalo mini kira ta katanga, shi kuwa yana bakin famfo yana wanke hannu, ko gezau. Tun zazzaɓin nan da ya kwantar da shi abin ya tafi, bai dawo ba.

Ga wani mutum wannan ba abin tashin hankali ba ne, ƙila ma hutu ne a layi irin namu da kwata ke gudu a bakin ƙofa. Amma mijina Hanci ake ce masa, kuma ba don girman hancin ba, ko da yake nan ma ba a rage masa komai ba. Sana'arsa haɗa manyan akwatunan da ake ɗaukar abinci da zafinsa, irin na masu girkin taro da masu kai abinci ofis-ofis a babur. Roba mai kauri a waje, silba a ciki, soso a tsakani, da wani soson a jikin murfi inda tururi ke dukansa kai tsaye.

Soson shi ne sana'ar gaba ɗaya. Ba kowane soso ke jure zafi ba, kuma ba duk mai jure zafin ne ya dace da abinci ba. Farin nan mai ƙwaya-ƙwaya da ake kare talabijin da shi a kwali, da ya sha tururi sai ya motse. Soson katifa shan mai yake yi ya riƙe, kafin wani lokaci ya soma tsami. Akwai kuma wanda ba ya motsewa, ba ya shan komai, sai dai in ya ɗauki zafi ya saki wani abu cikin abinci, mai ci ya ji ɗaci a maƙogwaro bai san daga ina ba. Irin wannan ido ba ya kama shi. Mijina yana da hanyarsa: ya yanko gutsure, ya jefa a tukunya da ruwa da cokalin mai, ya rufe har ta tafasa, sannan ya ɗage murfi ya kifa fuskarsa cikin tururin, ido a rufe. In ya ɗago ya ce a mayar, to ko da tambarin wace ƙasa soson ya zo sai an mayar. A kan haka ya yi suna, a kan haka kuma ake haƙuri da taurin kansa.

Aikin da ke gabansa na wani asibitin yara ne. An gina musu sabon ɗakin kwanciya a tsallaken titi, nesa da kicin, kafin abinci ya isa ya huce. Matar da ke riƙe da kicin ɗin, wadda kowa ke ce wa Uwar Kicin, ita ta tsaya kai da fata a gaban manyanta cewa a ba Hanci, kada a ba kamfani. Sai aka yi rashin sa'a soson da ya saba aiki da shi ya yanke a kasuwa. Mai Soso, dillalin da yake saya a wurinsa, ya kawo masa baƙi iri biyu, kamarsu ɗaya sak, kowanne da tambarin kofi da cokali mai yatsu a jiki, alamar wai ya dace da abinci. Ya ce ɗaya sabo ne fil, ɗayan kuma ya ji ƙishin-ƙishin cewa tsofaffin kayan mota aka narka aka yi shi, amma masu lodi sun yage ledojin da ke da rubutu, shi kansa bai san wanne ne wanne ba. "Ai shi ya sa na kawo maka," in ji shi yana dariya, "kai da ba ka buƙatar takarda." Mijina ya ɗaura wa ɗaya jan zare don kada su rikice masa. A ranar da nake ba da labari, da la'asar Uwar Kicin za ta zo ta ji wanda ya zaɓa.

Ni ma ina da nawa ɓoyon, kada wani ya ɗauka ni ce mai gaskiyar gidan. Ciki gare ni, ƙarami. Sau biyu ina samu a zaman aurenmu, sau biyu yana zubewa, kuma kowane karo da wuri na gaya masa, ya fita ya gaya wa duk wanda ya gaishe shi, daga baya na zuba ido ina kallonsa yana karɓar jaje a bakin titi. Wannan karon na ce sai ya yi ƙwari. Nas ɗin da ke yi mini awo ta tambayi sana'ar maigidana, da na gaya mata sai ta ajiye biro, ta ce in nisanci gam da fenti da hayaƙin roba, ko ƙofar shagon kada in tsaya. Shagon kuwa garejin gidanmu ne, ƙofa ɗaya ce tsakaninsa da inda nake girki.

Tun da safe ya kasa zama. Na ji ya kunna risho, ya kashe, ya sake kunnawa. Ya fita bakin titi ya dawo, ya nemi wuƙar da ke hannunsa. Can ya leƙo yana wani murmushi da ban san shi da shi ba.

"Amarya," har yau haka yake ce mini, ni da furfura ta soma leƙowa, "zo ki ga abin dariya. Soson nan da aka kawo, so nake in ga ko za ki kama abin da na kama."

"Me ka kama?"

"In na faɗa ai na ɓata gwajin."

Raina ya ɓaci. Ƙato guda ya tsaya yana yi mini wayon yara, maimakon ya buɗe baki ya ce ga halin da nake ciki.

"Yau kuma ni ce 'yar makaranta? Zan leƙa wurin Yaya, ɗinkina na can."

Na yafa mayafi na fita, ba ni da wani ɗinki a ko'ina.

Abin haushin, hancin da ya bar shi kamar wurina ya tare, har da ƙari. Daga ƙofar gida na ji baƙin man bakaniken da ke kusa da mu, na ji buredin da ake fitarwa a can ƙarshen layi, na ji jiƙaƙƙen siminti, na ji zufar wani mai babur da ya wuce ni. Na shiga kemis na tsaya ina kallon kantoci, aka tambaye ni me nake so, na ce na manta. Na fito na miƙe, ƙafata ce kawai ke tafiya.

Yayata tela ce, ita kaɗai ta san da cikin. Na same ta da allura a baki, na zauna na tashi, na koma bakin taga.

"Ke zauna mana, kina sa ni jiri," in ji ta. Na zayyana mata komai. Ta cire allurar. "To ki gaya masa."

"Shi ya fara faɗa."

"Wallahi wanda ya haɗa ku ya iya haɗi. Shi ya ɓoye hanci, ke kin ɓoye ciki, kuna kwana ɗaki ɗaya kowa na gadin kayansa."

"Yaya, in na gaya masa kin san kafin rana ta faɗi har mai gadin banki ya ji. In kuma ya sake zubewa?"

Ta mayar da kai kan keken ɗinki, ta ce ko me zan yi kada in kusanci tukunyar nan, sauran kuma ruwana.

Maimakon in koma gida sai na bi ta titin asibitin. Ban yi niyya ba, ko kuma na yi, ban sani ba. Na tarar da ma'aikatan kicin biyu sun turo keken abinci bakin titi suna jiran motoci su tsagaita, manyan tukwane an lulluɓe su da tawul. Sun daɗe a tsaye. A tsallake, ta tagar sabon ginin, na hango wata mata goye da yaro an naɗe masa hannu da bandeji, tana leƙen keken. Na yi tunanin wannan yaron da cokali a bakinsa, da abin da zai biyo romon in mijina ya rufe ido ya nuna wanda bai dace ba. Na san halinsa, in aka matsa masa a gaban mutane zai iya nunawa. Tsoro ya kama ni sosai, na juya da sauri kamar an kira ni.

Na tarar da shi zaune a ƙasan shagon, ya jingina da teburin yanka. Gutsattsarin baƙin soso ko'ina. Ya danna, ya lanƙwasa, ya jiƙa, ya ƙona gefe da ashana, duk biyun halinsu ɗaya. Tukwane biyu na kan risho suna ɓararraka, murfinsu na rawa, ɗaya da jan zare a hannunta. Na tsaya daga ƙofar kicin, na ja mayafi na rufe hanci kamar ina gyara shi.

Bai ɗago ba ya ce, "Ba na jin komai, Amarya. Ko sabulu, ko fetur. Jiya na buɗe gwangwanin gam na kafa hancina a ciki, kamar ruwa."

"Na sani."

Ya ɗago. "Tun yaushe?"

"Tun ranar turaren ƙanwarka."

"Wane turare?"

"Ka gani ko."

Ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ko'ina ba, ya share fuska da tafin hannu. Tausayinsa ya cika ni, duk haushin safe ya tafi. Sai ya miƙe ya nuna rishon.

"To taimake ni. Shaƙa biyu ce kawai. Ki kifa fuska a wannan, ki ja sosai har ki ji shi a ƙirji, ki huta, ki koma wancan. Ni zan gaya miki abin da za ki nema. In kin ji kamar taya ta sha rana, ko ɗaci a bayan harshe, shi ne mugun."

"Kira bakanike mana."

"Wanda baƙin mai ya kashe wa hanci tun kafin nawa? Kuma gobe duk layin nan su ji?"

"To ita Uwar Kicin ta shaƙa da kanta in ta zo."

"Matar da ta sa wuyanta saboda hancina, ita zan ce ta ara mini nata? Haba, Amarya."

Na sa ƙafa ɗaya cikin shagon. Na ce a raina shaƙa biyu ce fa, mata nawa ke yini a bakin titi cikin hayaƙin motoci su haihu lafiya, nas ma wani lokaci tsoratarwa suke yi. Sai na tuna haka na ce wa kaina wancan karon a kan bokitin ruwa, wai guda ɗaya ne kawai, na ɗauka, cikin ya zube. Na janye ƙafata.

"Ba zan iya ba, Maigida."

"Ba za ki iya ba, ko ba za ki yi ba?"

Fuskarsa ta canza, jijiyoyin wuyansa suka tashi.

"Tun da muke, na taɓa roƙonki wani abu a shagon nan? Ramuwa kike yi don na ɓoye miki, na gane. To ki rama gobe, ki rama jibi, yau dai ki bari. Yara ne marasa lafiya za su ci abincin nan. Ke ba ki san..."

Ya haɗiye sauran. Amma na riga na ji inda maganar ta nufa, ta soke ni har ƙasan ciki.

"Ƙarasa."

"Ban ce komai ba."

"Ƙarasa mana. Ban san zafin yaro ba, ko? To ka ji, in na kifa fuskata a tukunyar nan, ba ni kaɗai zan shaƙa ba."

Ya tsaya yana kallona, baki a buɗe. Idonsa ya sauka kan mayafin da na toshe hanci da shi, ya sauka ƙasa, ya dawo. Murfin tukwanen na ta ƙarar rawa a bayansa.

"Fita!" ya daka mini tsawa. "Fita waje! Bi ta gaba!"

Bai taɓa yi mini tsawa irin wannan ba, kuma ban taɓa jin daɗin tsawa ba sai ranar. Na bi ta falo na fita ƙofar gida. Ina isowa na ji ya banko babbar ƙofar garejin, ya fito a guje da tukunya a kowane hannu, ba tsumma ba komai, ya wuce ta gabana ya dire su can bakin kwata. Ɗaya ta kife. Ya koma ya kashe risho, ya buɗe duk wata taga da ke gidan, ya fito yana yarfe hannu. Tafukansa sun yi jajir.

Na ɗebo ruwa a roba daga famfon waje, na zaunar da shi a bencin ƙofar gida na tsoma masa hannuwan. Bakanike da masu jiran gyara duk sun miƙe suna kallonmu. Daidai lokacin na hango farar motar asibitin ta shigo layin, tana kauce wa ramuka.

Na sunkuya kusa da kunnensa. "Ina jin mai jan zaren ne mugun. Na ji warin taya da ka wuce."

"Kina ji, ko kin tabbata?"

Na dubi tulin tayoyin bakanike da ke shan rana kusa da mu. Na tuna ko ruwan famfo kwanakin nan wari yake mini.

"Ban tabbata ba."

Ya gyaɗa kai.

Uwar Kicin ta fito daga mota da kyar, mace ce mai jiki, ba ta da lokacin doguwar gaisuwa. Ta dubi tukwanen a bakin kwata, ta dubi hannunsa a ruwa.

"Yau gwajin har da wanka? To, Hanci, wanne ne namu?"

Ya cire hannu daga robar ya miƙe. Na ga idonsa ya je kan jan zaren ya tsaya. Da ya ce ɗayan ne, ba wanda zai musa masa a duk garin.

"Ban sani ba," ya ce, kuma bai rage murya ba. "Hancina ya mutu. Ba na jin komai. Ɗaya daga cikinsu bai kamata ya kusanci abincin yara ba, kuma ban san wanne ba ne."

Bakanike ya sunkuyar da kai yana goge sifana da ba ta da datti.

"Tun yaushe?" in ji Uwar Kicin.

"Tun kafin ki ba ni aikin."

Ta daɗe tana kallonsa. "Na tsaya a gaban mutane na ce in kai ka shinshina ba sai an kai ɗakin gwaji ba. Dariya aka yi mini, na shanye." Ta ja numfashi. "Ba ni busasshen soson, kowane iri guda. Zan kai a gwada, ko don wasu. Amma ba zan iya jira ba, yarana sanyi suke ci. Aikin zai koma kamfani."

"Haka ya kamata," in ji shi.

Hannunsa ba ya iya riƙe komai, direbanta ne ya shiga ya ɗauko mata. Ta sa a jaka, ta ce Allah ya ba shi lafiya. Motar ta juya ta tafi. Kafin ta fita layin na ga ɗaya daga masu jiran gyara ya ciro waya ya kara a kunne.

Ya dawo ya zauna, ya mayar da hannu cikin ruwa. Ni na zaci zai yi maganar aikin, ko sunansa da ya gama zubewa a gaban mutane. Na shirya abin da zan ce don in lallashe shi, ina jin kuka na taso mini.

"Wata nawa?" ya tambaya a hankali, yana kallon ruwan.

"Ya kusa uku."

"Kuma kullum ƙofar nan a buɗe, ina ta dafa roba a bayanki."

"Ina rufewa in ka juya baya."

Ya ɗaga kai ya ja iska da ƙarfi ta hanci, irin yadda ya saba, ya saki.

"Daga nan kina jin warin shagon?"

"Kaɗan."

Ya ce in tashi. Ya tura bencin da gwiwa, hannuwansa a sama suna ɗigar ruwa, har ya wuce ƙofar maƙwabta. Na zauna.

"Nan fa?"

"Ya ragu."

"Ya ragu, ko babu?"

"Akwai kaɗan."

Ya ce in sake tashi.